Muzurun maƙwabciyata yana da ciwon suga, ni kuma maganarta ta tsaya mini a rai

Maƙwabciyata a nan Ingila dattijuwa ce, daga ita sai muzurunta a gidan, wani ja mai ƙiba da ya haura shekara 10. Kwanan baya ta roƙe ni in kai su asibitin dabbobi a mota. Ta ce ruwan tasarsa yana ƙarewa da wuri, yashin da yake fitsari a ciki kullum sharkaf, ga shi yana cin abinci sosai amma ƙashin bayansa ya fara fitowa.

Ban taɓa shiga irin wurin ba. Ɗakin jira an raba shi biyu, masu karnuka gefe guda, masu kyanwa gefe guda. A ɓangaren kyanwoyi akwai kanta da ake ɗora kwandonsu a kai, domin kyanwa ta fi samun natsuwa in tana sama, har da tawul na lulluɓe kwandon kada ta hango kare. Da aka kira mu, sunan muzurun aka kira. Likita ta buɗe kwamfuta, sai ga nauyinsa na shekarun baya a jere. Ta auna shi, ta aske ɗan gashi a wuyansa ta ɗebi jini. Ta ce gwaji ɗaya ba ya isa, saboda tsoro kaɗai yana iya ɗaga sugan kyanwa, don haka sai an haɗa da gwajin fitsari da wani gwajin jini mai nuna yadda sugan ya kasance cikin mako 2 zuwa 3 da suka wuce. Da sakamako ya fito, ciwon suga ne.

A hanyarmu ta komowa ne maƙwabciyar ta dube ni ta ce, na san a ƙasarku ba a yi wa kyanwa irin wannan, ko? Ba da mugun nufi ta faɗa ba, na san halinta. Amma maganar ta soke ni, kuma har yau ina juya ta.

Abin da ban samu bakin faɗa mata ba shi ne, wa ya jawo wa muzurun ciwon? Likitar da kanta ta ce yawancin ciwon suga na kyanwa ya yi kama da nau'i na 2 na mutane: jiki yana samar da insulin, sinadarin da ke daidaita suga a jini, amma ya daina jin sa, daga baya abin da ake samarwa ya ragu. Babban abin da ke kawo shi ƙiba ce da rashin motsi. Kyanwa mai ƙiba haɗarinta yana iya kai ninki 4 na wadda jikinta yake daidai, kuma ya fi kama muzurun da aka dandaƙe da ya manyanta. A ƙasar nan kusan kyanwa 1 cikin kowace 200 tana da shi. To dubi rayuwar da suke ba su. Kyanwa tana kulle a ɗaki mai ɗumi, tasa cike da busasshen abinci mai yawan sitaci dare da rana, in ta yi kuka a ƙara mata. Alhali kyanwa maciyar nama ce, jikinta bai saba da sitaci mai yawa ba. Tamu ta gida, kun san ta: ta hau katanga, ta kama ɓera, ta dawo. Ban taɓa ganin wadda ƙiba ta hana tsalle ba sai da na zo nan. Kuma ba yau muka san haƙƙin kyanwa ba, mun taso muna jin labarin matar da ta kulle kyanwa ta hana ta abinci da abin da ya same ta.

Na yarda tamu tana mutuwa da wuri, ta mota ko ta cuta, ba ta kai shekarun da ciwon ke kamawa ba, kuma wadda ta kamu ba mai gane ta. Na yarda da wannan. Amma a ciyar da dabba har ta kamu da ciwo, sannan a yi alfahari da yi mata magani, ban ga abin da zai sa a raina mu a kai ba.

Da maƙwabciyar ta je ganin 'yarta, ni ta bar wa yi wa muzurun allurar insulin. Sau 2 a rana, tsakaninsu awa 12. A fito da insulin daga firji, a zuba masa abinci, a tabbatar ya ci, a tattaro fatar bayan kafaɗarsa a soka. Allurar siririya ce ƙwarai, ko ɗago kai ba ya yi daga tasa. An daina ba shi busasshen abinci, sai na gwangwani mai nama da ƙarancin sitaci, kuma da awo, domin in kyanwa mai ƙiba ta rame da sauri ko ta daina ci, hantarta na iya lalacewa. Ana ɗan tsira gefen kunnensa a samu ɗigon jini a auna. An gargaɗe ni cewa in na ga yana tangaɗi ko rawar jiki bayan allura, sugan ne ya faɗi, in shafa masa zuma a dasashi in kira likita nan take. In kuma ya ƙi abinci yana amai, kada a jira gari ya waye. Akwai ma sababbin magunguna na baki, an amince da na farkonsu a Amurka a ƙarshen 2022, amma ba kowace kyanwa suka dace da ita ba. Abin da ya fi ba ni mamaki, in an kama ciwon da wuri aka riƙe sugan da kyau, wasu kyanwoyin sukan daina buƙatar allurar har na watanni ko shekaru.

Littafin maƙwabciyar ne ya karya ni. Ƙaramin littafi a kan firji, kowace rana da layinta: lokacin allura, yawanta, abin da ya ci, ruwan da ya sha, lambar da na'ura ta nuna. Ina cike layin ranar sai Baba ya faɗo mini a rai. Shekaru ke nan yana fama da ciwon suga. Ba ya aunawa sai ranar ganin likita. In wuta ta ɗauke, insulin ɗinsa sai yadda hali ya yi. Ƙafarsa ta fara yi masa nauyi da zafi cikin dare, kuma likitar ta faɗa mana ciwon yana lalata jijiyoyin ƙafar kyanwa har ta riƙa taka diddige. Mu 'ya'yansa muna kira mu ce Baba yaya jiki, ya ce da sauƙi, mu ce Allah ya ƙara sauƙi, shi ke nan. Babu ɗayanmu da zai iya faɗin lambar sugansa ta makon jiya.

Na kira babban wanmu a daren. Na ce Yaya, zan aiko da na'urar awo da tsinkayenta, don Allah a samu wanda zai riƙa auna Baba da safe kafin ya karya, a rubuta, a turo mini hoton shafin duk ƙarshen mako. Ya yi shiru, ya ce to wa ya ba ki wannan shawara? Na ce a wajen wata maƙwabciyata na gani. Ban ce masa na kyanwa ba ne, don na san in na faɗa, maganar za ta koma kan Turawa da dabbobinsu, a bar ta Baba. Ya ce zai sa ƙanwarmu, ita ce take kusa, amma in yi wa Baba magana da kaina, don ba ya son a riƙa tsira masa yatsa kullum.