Mesa biyu a akwati guda, sannan a ce ƙaddara ce

Wai don Allah, wa ya koya wa masu saida dabbobin gida a Yamai cewa maciji yana kewar ɗan uwansa? Mutum ya je sayen ƙaramar mesar nan mai dunƙulewa, irin wadda ta yi yawa a Benin da Togo da Ghana, sai a liƙa masa ta biyu: "Alhaji, mata da miji ne, in ka raba su ba za su ci abinci ba." A zuba masa su a akwati guda, a ƙirga kuɗi. Ranar da ɗaya ta kafa wa ɗaya haƙora a wuya, sai a ce ƙaddara ce, daga nan kuma waya ta daina shiga.

Son kuɗi ne da rashin sani. Mesa ita kaɗai take rayuwarta, ba ta neman wata sai lokacin barbara. In ka ga sun hau kan juna a kusurwa, wurin da ya fi ɗumi ko ya fi duhu suke takara a kai. Cizon kuwa galibi wajen ci yake faruwa. Da wari da ɗumin jiki take farauta, tana da ƴan ramuka jere a leɓenta na sama da take jin zafi da su. Ka jefa kusu guda, su biyu su kai sara, ɗaya ta kuskure ta cafki ƴar uwarta mai warin kusu a jiki, ta naɗe ta, ta hau matsa. Ita a wajenta abinci ta kama.

Sai ka ɗauki mai rauni ka shiga gari neman magani, nan ne ran mutum yake ɓaci. Shagunan maganin dabbobi ga su nan birjik, amma ka kwance bakin buhu ka gani: mai shago ya tsallake kanta, yaronsa ya yi titi. Wanda ya daure ya miƙo maka feshin nan mai shuɗi na tumaki daga nesa, ko ya zuƙo allurar shanu bai ko aza dabbar a sikeli ba. Dabbar da da ƙyar take kai kilo 2! Wani ya ce ka nemi gardawa. Gardi wasa da maciji ne sana'arsa, ba jinya ba. Babu mai cewa kowane likitan dabbobi ya zama gwanin maciji, mun san shanu da raƙuma da awaki ne arzikin ƙasar. Amma wanke miki da auna magani bisa nauyi ai ba sabon karatu ba ne.

Tunda haka ne, dole mai mesa ya iya taimakon farko da hannunsa. Maganar nan ta marasa dafi ce kawai. Kububuwa da kasa da kumurci ba dabbobin gida ba ne, wanda suka sara asibiti zai nufa ba tare da ɓata lokaci ba.

In ka tarar da su a haɗe, kada ka ja. Haƙoran mesa ƙanana ne masu yawa, a lanƙwashe suke zuwa baya, ja shi ne yake mayar da ƴan huji su zama tsaga. Ka fara warware naɗin daga wutsiya, ka kwarara ruwan sanyi a kan mai cizon, ko ka tsoma kanta cikin bokiti na ƴan daƙiƙu. In ta ƙi, ɗigon alkol a ƙyalle a kai kusa da bakinta yakan sa ta saki. Da ta saki, kowace ta shiga mazubinta, kuma ba za su sake haɗuwa ba.

Wanki shi ne rabin magani. A sami ruwan sarum na farmasi mai gishiri kashi 0.9 cikin 100. In babu, a tafasa ruwa lita 1, a zuba gishiri giram 9, wajen ƙaramin cokali ɗaya da rabi, a bari ya huce. A zuƙa a sirinji marar allura a fesa cikin raunin har ya fita tas. A haska tocila a duba da kyau, don haƙori yakan karye ya zauna a ciki, kuma shi ne yake zama ƙurji bayan makonni. In an gan shi, a zare da matsefata da aka tafasa. Sannan Bétadine, maganin wanke miki mai rawayar kwalba: ma'auni 1 nata, 9 na ruwa, har launin ya koma na shayi marar ƙarfi. Zuba ta tsura yana kashe sabon naman da yake tohowa. A jiƙa ƙyallen miki na farmasi a dafa a wurin minti 10, sau biyu a yini. Ban da auduga, zarenta maƙalewa yake. Bayan ya bushe a shafa Flammazine, man ƙuna na farmasi, siriri, ba a lafta ba.

Abin da mutane ke shafawa da sunan taimako kuwa, sai dai a ce innalillahi. Baƙin man mota, toka, kalanzir, garin kafso da aka fasa. Alkol a cikin miki ƙona shi yake. Ruwan nan mai kumfa na wanke ciwo yana cinye nama mai rai tare da matacce. Man shafawa mai kashe zafin ciwo ba na maciji ba ne. Mafi muni shi ne salatif ko filasta a kan fata: ranar ɓamɓarewa da ɓawon jikin yake tahowa, ka wayi gari da rauni biyu. Ƙaramin cizo a bar shi a buɗe.

Ɗakin jinya bahon roba ne mai murfi da huji-huji, a shimfiɗa farar takarda ko jarida, a canza kullum. A kwashe rairayi da dusar katako, su ne ke shiga miki. Maɓoya guda, kwanon ruwa ƙarami wanda ba za ta kwanta ciki ba. A bar ta mako guda ba ci, sannan a ba ta ƙaramin kusu matacce. Mai rai kuwa, in ba ta da niyyar ci, shi zai ci ta. Ɓera yana iya gaigayar bayan mesa har ƙashi a dare guda, ita kuwa ta dunƙule kawai.

Zafi ne abin da masu sayarwa ba su taɓa faɗa, alhali da shi jikin maciji yake yaƙar ciwo. Gefe guda ya zama digiri 31 zuwa 32, ɗayan 25 zuwa 27, a auna da ma'auni, ba da tafin hannu ba. A Yamai da Tahoua matsalar fuska biyu gare ta. A Afrilu da Mayu zafi yana wuce 40, ga ɗauke wuta ba sallama. Bahon roba a ɗakin kwano kabari ne, don abin da ya haura 35 ya daɗe yana kashe ta. A sauke shi ƙasa a ɗakin da ya fi sanyi, a jingina gorar ƙanƙara naɗe da zane a gefe guda ta waje. A Disamba da Janairu kuma dare yakan sauka wajen 15, ga hunturu ya busar da iska ƙarƙaf, alhali tana son laima kashi 55 zuwa 60 cikin 100. Sai gorar ruwan ɗumi a naɗe, da jiƙaƙƙen tawul a cikin maɓoya. Ƙwan lantarki tsirara a ciki ƙuna ce, don takan naɗe shi ba ta ji ba sai fata ta soye. In laima ta yi kaɗan saɓa ba ta fita gaba ɗaya, takan tsaya a bakin mikin ta yage shi. Tabo kuma sai an yi saɓa da yawa yake raguwa, kada a yi gaggawa.

Akwai inda hannun mai gida ya ƙare: in nama ko haƙarƙari ya bayyana, in cizon a ido ne ko baki, in wurin ya kumbura ya yi tauri, in ciki ya fara ja-ja, in tana buɗe baki tana numfashi. Mugunyar maciji ba ta tsiyaya, daskarewa take kamar cuku, matsawa ba ta fitar da ita, sai an tsaga an kwashe. A nan ka tsaya wa likita a ka. Ya auna nauyi da giram. In ɗinki ne, zaren yakan zauna mako 4 zuwa 6, ba kwana 10 irin na kare ba. Allurar da aka saba da ita ita ce ceftazidime, miligiram 20 a kowane kilo, bayan kowace awa 72, a tsokar gefen ƙashin baya ta sashen gaba na jiki. Allurar gentamicine kuwa ga macijin da jikinsa ya bushe ƙoda take lalatawa. Mai cizon ma a duba bakinta, inda haƙori ya fita yakan ruɓe. Kai kuma ka wanke hannu da sabulu duk taɓawa, macizai suna ɗauke da ƙwayar cutar salmonela, yara ba su da hurumi a wajen.

Akwati na biyun da ake gudu, me ya ci? Kafinta a kasuwar Katako zai haɗa maka mai tsawon santimita 120, faɗi 60, tsayi 60, da ƙofa mai sakata da raga ta shan iska. Maɓoya biyu, ɗaya a ɗumi ɗaya a sanyi. Kowace da kwanonta da awartakin ba ta abinci. In suna haɗe, ko amai aka yi ba ka san ta wa ba ce, ƙudan cizon fata na ɗaya ya zama na biyu, kuma namiji yakan hau macen da ba ta kai giram 1500 ba, ƙwai ya maƙale mata. Sabuwar da aka sayo ta yi kwana 60 zuwa 90 a wani ɗaki daban kafin ko akwatinta ya kusanci na tsohuwar. Kuma kafin ka miƙa kuɗi, tambayi mai sayarwa takardar ma'aikatan gandun daji, tunda mesa tana cikin dabbobin da yarjejeniyar ƙasa da ƙasa ta CITES ta sa wa ido a kan cinikinsu. Ka dubi fuskarsa lokacin da yake neman amsa.