Masu raina amshin waƙoƙin pop sun manta abin da ya riƙe rock

Duk inda masoya tsofaffin waƙoƙin rock na Turawa suka haɗu ana tura wa juna waƙa, sai ka ji wani ya ce wai pop ɗin yanzu ba komai cikinsa sai amshi mai maƙalewa a kunne, rock ɗin da shi ne kiɗa na gaskiya. Ni kam maganar nan ba ta shige ni, kuma fa tun zamanin kaset nake son rock ɗin nan har raina.

To wai me ya riƙe shi har yau in ba amshin ba? Ɗauki Smoke on the Water da Deep Purple suka fitar a 1972, labarin gobara ce da ta cinye gidan cacan Montreux a Suwizalan a Disambar 1971 ana tsaka da wasan mawaƙi Frank Zappa, hayaƙi ya lulluɓe tafkin Geneva. Mutum nawa suka san wannan labarin? Amma ɗan kiɗan jitan da ya buɗe waƙar, yaro na kama jita yau gobe shi zai fara gwadawa. Ƙungiyar Queen kuwa da gangan ma suka yi, mai kaɗa musu jita Brian May ya tsara We Will Rock You a 1977 don ’yan kallo su samu abin yi, buga ƙafa sau biyu tafi ɗaya shi ke nan, dubban mutane sun zama makaɗa. Mu da muka tashi muna jin makaɗi na bayarwa ’yan amshi na karɓa ai bai kamata a ce mu ne za mu raina wannan fasaha ba, ƙirƙiro abin da bakin kowa zai iya ɗauka aiki ne ja wallahi.

Ko a gidan kallon ƙwallo ka sha jin filin wasa na rera kiɗan Seven Nation Army ta 2003, magoya bayan Club Brugge suka fara, na Italiya suka yaɗa shi a kofin duniya na 2006, da yawansu ko baiti ɗaya ba su sani ba.

Inda na ba masu ƙorafin gaskiya shi ne batun haƙuri. Spotify, dandalin sauraron waƙoƙi, ba ya ƙirga an saurari waƙa sai ta kai sakan 30, don haka ake turo amshi tun farko kar mutum ya wuce, TikTok ya zo ya ƙara gutsure abin. Bohemian Rhapsody da Queen suka fitar a 1975 kusan minti 6 ce, babu wani amshi da ke dawowa, amma ta yi mako 9 a saman jerin waƙoƙin Birtaniya, mutane suka zauna suka saurara har ƙarshe. Wannan zaman sauraron shi nake jin ciwon rasawa. Kwanaki ɗan yayata ya turo min wani guntun waƙa mai daɗin gaske, na ce ya turo cikakkiyar in ji, ya ce min shi ma bai taɓa jin sauran ba.