A gwada farantan sola a ƙarƙashin ranarmu

Kowane farantin sola da ke kasuwa yana da takarda manne a bayansa mai faɗin ƙarfinsa, wat 300 ko 550. A ɗakin gwaji aka auna wannan ƙarfi, farantin yana kan zafin digiri 25. A ɗora shi bisa kwanon gida a Sakkwato ko Agadas cikin watan Afrilu, jikinsa kan kai digiri 65, alhali kowane digiri da ya ƙaru yana cin kusan kashi 0.4 cikin 100 na wutar da yake bayarwa. Wajen kashi ɗaya cikin shida ya tafi ke nan, tun kafin hazon hunturu ya taso daga Bodele ta ƙasar Chadi ya lulluɓe gilashin.

Wasu ƙasashe sun ƙi yarda da takardar kawai. A 2017 Maroko ta buɗe filin gwaji na Green Energy Park a garin Benguerir, inda masananta ke aiki tare da na cibiyar Fraunhofer ta Jamus. Suna jera farantan kamfanoni daban-daban a rana, suna lura da wanda ya fara gajiya. Chile ma na yin irin haka a hamadar Atacama. A Katar kuwa masu bincike sun nuna yadda raɓar dare ke jiƙa ƙura, rana ta busar da ita ta kafe a gilashi kamar siminti, har iska ta kasa kaɗe ta.

Wani zai ce to mu ari sakamakonsu mana, me ya kai mu kashe kuɗi? Ban yarda ba. Ƙurarmu laushi gare ta, tana shafe watanni ba ruwan sama da zai wanke ta, sannan damina ta faɗo da guguwa. Ruwan wanke farantin ma, a garuruwa da yawa sai an saya wajen 'yan garuwa. Sau nawa ya kamata a wanke, da me, kuma wane faranti ne zai jure shekara goma? A nan kaɗai za a samu amsar.

Ba kuma daga tushe za mu fara ba. Jami'ar Usmanu Danfodiyo tana da cibiyar binciken makamashi tun shekarun 1980, a Yamai kuma marigayi Farfesa Abdou Moumouni ya daɗe yana jagorantar ofishin makamashin rana na Nijar. Abokan hulɗa na waje su kawo na'urorin awo da horo, amma da sharaɗi: bayanan su zauna a hannun jami'o'inmu, kada a kwashe su a bar mu da hoton bikin buɗewa.

Abin da ya fi damuna shi ne mai saye. Tun da aka cire tallafin man fetur a 2023, teloli da masu sayar da ƙanƙara da ƙananan asibitoci ke zuba jarinsu a sola ido rufe. A wallafa sakamakon gwajin da sunan kowane kamfani, da Hausa, hukumar SON mai kula da ingancin kayayyaki a Najeriya kuma ta riƙa duba shi kafin ta bar kaya su shigo ƙasa.