Ashe Fulani ne ba a yaye ba

Bakin babbar kasuwar Maradi, Bagobiri ya dafe ciki gaban mai nono, Mushe na gefe yana shan hura.

Bagobiri: Ke 'yar Hulani mi kika zuba ma madarar nan? Tunda na sha cikina ke ƙugi kamar kabu-kabu ta hau tudu.

Bafulatana: Kaɗo ka ji tsoron Allah, da asuba aka tatso ta, tsohona ƙwarya guda yake shanyewa ko gyatsa bai yi.

Mushe: Bar ta malam, ba ta zuba komi ba. Akwai wani sukari cikin madara ana ce mai laktos, jariri hanjinshi na yin wani sinadari laktas da ke narka shi, to bayan yaye sai jiki ya rage yin shi, sukarin ya wuce babban hanji bai narke ba, bakteriya, ƙananan halittun cikin hanji da ido bai gani, su taru su yi walima, kai kuma ka kwashi iska da zawo. Kusan kashi 2 cikin 3 na manyan duniya haka suke.

Bagobiri: To ita da tsohon nata cikin ƙarhe gare su?

Mushe: Gado ne. Mutane sun fara kiwon shanu wajen shekara 10,000 da suka wuce, daga baya wani ɗan canji ya faru a ƙwayar gado kusa da wadda ke sa jiki yin laktas, ana ce mata LCT, canjin ya hana jiki daina yin shi. In yunwa ta zo mai iya shan madara ya tsira ya hayayyafa, wanda bai iyawa zawo ya ƙarasa shi. Kuma ba wuri guda abin ya faru ba, Masai na Kenya da nasu canjin, Larabawa masu raƙuma da nasu, na Hulani kuwa irin na Turawa ne sak.

Bafulatana: Yauwa! Dama na sha faɗa maku mu da Nasara dangi ne, dubi hancin mana.

Mushe: Sannu Inna, ko cikinku wajen rabi ne ke da shi.

Bagobiri: Amma Mushe kullum hura da nono nike sha a Tibiri ban taɓa ganin haka ba.

Mushe: Nono ya kwana ya yi tsami, bakteriya sun riga ka cinye wani kashi na sukarin.

Bagobiri: Tsaya tsaya. Ke nan ni lahiyata lau, ni aka yaye bisa ƙa'ida, su ne har yau ba a yaye ba? Tsoho da hurhura da sanda yana nan jinjiri?

Bafulatana: To yayayye, kawo dala hamsin ɗina.

Bagobiri: Je ki amsa wajen kakana da ya ƙi kiwo. Mushe don Allah ina makewayi nan kusa?

Mushe: Bayan tasha, dala biyar ne.

Bagobiri: Inna ranta min biyar, sai in biya ki hamsin da biyar!