Idan yaro ya makara, wa ya kamata a tuhuma?

Yaro ɗan shekara shida ba shi ke tashin kansa da safe ba, ba shi ke wanke kayan makarantarsa ba, kuma kuɗin littafi ba a aljihunsa suke ba. Duk wanda ya yi raino ya san haka. Amma a yawancin makarantun firamare na Najeriya, idan an makara shi ake tarewa a bakin ƙofa da bulala, idan ba a biya kuɗin PTA ba shi ake korowa, idan ba a sayi littafi ba shi zai yi durƙuso a gaban aji. Uban da ya yi sakacin yana can kasuwa ko ofis, bai ma san wainar da ake toyawa ba. An bar jaki ana dukan taiki.

Tun da yarana suka shiga firamare a nan Ingila nake juya wannan magana a raina. Idan 'yan'uwa suka kira daga gida, tambayar da suka fi yi ita ce: "Wai da gaske ba a dukan yara a can? To yaya ake yi da su?" Da gaske ne. An haramta duka a makarantun gwamnati da dokar 1986, masu zaman kansu kuma suka biyo baya da dokar 1998. Sai dai a ganina maganar bulala ta rufe mana ido daga abin da ya fi ta girma, wato a wuyan wa dokar makaranta take. A nan, mafi nauyinta a wuyan babba take.

A makarantar yarana ana buɗe ƙofar fili na 'yan mintuna kafin ƙarfe tara, sannan a rufe. Wanda ya iso bayan an rufe, dole ya zagaya ta ofis riƙe da hannun ɗansa, ya rubuta sunan yaron, da lokacin da suka iso, da dalilin makara. Yaron ya wuce aji abinsa, malama ta yi masa sannu da zuwa. Kai babba kai za a bari tsaye gaban ma'aikaciyar ofis kana lalube abin da za ka cike gurbin dalili da shi. Na ga magidanta masu furfura suna sosa ƙeya a wurin nan kamar waɗanda aka kama da laifi, kuma laifin nasu ne. In abin ya yawaita sai wasiƙa ta zo gida da sunanka, bayan wasiƙa kuma a kira ka zama da shugabar makaranta.

Fashi ya fi makara tsanani. Doka ta wajabta a kira rajista sau biyu a rana, da safe da kuma bayan hutun tsakar rana. Idan yaro bai zo ba, kai kuma ba ka kira ka faɗi dalili ba, kafin hantsi ya dubi ludayi wayarka za ta yi ƙara. Kwana 190 ake karatu a shekara, yaron da ya rasa kashi 10 cikin 100 na kwanakin nan ya shiga jerin waɗanda ake sa wa ido. Tun daga 2013 shugaban makaranta ba shi da ikon ba ka izinin tafiya da yaro a tsakiyar zango sai da uzuri na musamman, kuma arhar tikitin jirgi ba ta cikin uzurin. Daga watan Agusta na 2024, fashin kwana biyar ba izini a cikin mako goma na karatu kan jawo tarar fam 80 a kan kowane mahaifi, a kan kowane yaro, wadda ke komawa fam 160 idan kwana 21 suka wuce ba a biya ba. Mai 'ya'ya uku sai ya yi lissafinsa, shi da matarsa. Ranar Sallah dai doka ta yarda da ita, domin ta ware ranar ibada daga cikin fashi.

Wani uba mai suna Jon Platt ya gwada ƙarfinsa da wannan doka. Ya ɗauki 'yarsa zuwa Florida na mako guda a 2015, aka ci shi tara ya ƙi biya, yana mai cewa yarinyar tana halartar makaranta fiye da kashi 90 cikin 100. Ya yi nasara a ƙaramar kotu da babbar kotu, amma a 2017 Kotun Ƙoli ta yanke cewa zuwa makaranta a kai a kai yana nufin zuwa duk ranar da makaranta ta ce a zo. A tsawon shari'ar nan babu wanda ya ɗora wa yarinyar laifin komai.

Abin da zai ba wasu mamaki shi ne mu ma a Najeriya muna da irin wannan doka. Dokar ilimin bai-ɗaya (UBE) ta 2004 ta ce karatun shekara tara na farko kyauta ne kuma tilas ne, ta kuma tanadi hukunci ga mahaifin da ya ƙi kai ɗansa: karon farko a ja masa kunne, karo na biyu tarar naira 2,000 ko ɗaurin wata guda, daga nan kuma naira 5,000 ko wata biyu. Rubutun yana nan daram. Amma UNICEF ta taɓa ƙiyasta cewa yara kusan miliyan 10.5 ne ba sa zuwa makaranta a ƙasar, mafi yawansu a Arewa. Hukuncin da aka rubuta wa babba ya kwanta barci a takarda, wanda ba a rubuta wa yaro ba kuwa, tsallen kwaɗo da kama kunne, shi ke aiki kullum safiya.

Kada a ɗauka a nan iyaye kawai ake matsa wa. Da haka ne da zalunci ne. Makaranta ita ma an ɗaure ta, kuma ɗaurin nata ne ya ba ta bakin magana. Dole ta rubuta tsarinta na ladabtarwa ta wallafa inda kowa zai gani. A ajujuwan yara 'yan shekara biyar zuwa bakwai, doka ta hana malami ɗaya ya riƙe fiye da ɗalibai 30. Dole a ba ka rahoton ɗanka a rubuce kowace shekara, akwai hanyar shigar da ƙorafi mataki-mataki, akwai kujerun iyaye a hukumar gudanarwar makaranta, ga kuma masu binciken Ofsted, hukumar duba makarantu, da kan sauka da sanarwar kwana guda su wallafa abin da suka tarar. Idan malama ba ta da lafiya, wata za ka tarar a ajin. Manufar ilimi ta Najeriya ta ce malami ɗaya ga ɗalibai 35 a firamare, amma wanda ya leƙa makarantun gwamnati a biranenmu ya ga aji mai yara ɗari, wasu a ƙasa, wasu a bakin taga. Malamin da aka jibga wa yara ɗari, albashinsa kuma yana tafiyar hawainiya, ban ga yadda za a yi ya san wanda ya yi fashi ba, balle ya bi sawunsa. Bulala ita ce kayan aikin da ya rage masa mai arha.

A cikin aji kuwa dokokin ba su da yawa. A makon farko malama kan zauna da yaran su tsara su tare, guda biyar ko shida, a manna a bango: a ɗaga hannu kafin magana, a saurari mai magana, kada a taɓa jikin wani, a mayar da kaya inda aka ɗauko. Wanda ya karya, akwai matakai da kowane yaro ya haddace. A tuna masa, a gargaɗe shi, a rage masa lokacin wasa, a tura shi wurin babban malami, daga ƙarshe a kira gida. Ɗana ya taɓa ture wani yaro a layi. Da na je ɗaukarsa malamar ta ja ni gefe, ta faɗa mini abin da ya faru da abin da ta yi a kai, cikin minti biyu, sannan ta ce tana so mu maimaita masa magana ɗaya a gida don kada ya ji baki biyu. Yaron yana tsaye yana kallonmu. Ganin bakinmu ya zo ɗaya ya fi shigarsa fiye da duk wata tsawa da na taɓa yi masa.

Akwai kuma ɗan littafin karatu da ke zuwa gida a jaka. Yaro ya karanta maka shafi biyu ko uku, ka rubuta kwanan wata ka sa hannu. Idan malama ta buɗe ta ga mako ya wuce babu sa hannu, kai za ta tambaya. A ƙarshen aji ɗaya ana yi wa kowane yaro gwajin haɗa baƙi na kalmomi 40, wanda aka fara a 2012, kuma tun kafin lokacin an sanar da kai inda ɗanka ya tsaya. Mu kuwa mun saba da cewa karatu aikin malam ne. Uba ya biya kuɗi ya gama nasa, sai ranar karɓar sakamako ya tambaya, "Na nawa ka zo?" Ko a makarantun kuɗi da ke raba wa iyaye takardar dokoki, ka duba da kyau, rabinta a kan ranar biyan kuɗi take, sauran a kan kalar safa da aski. Da wuya ka ga layi ɗaya da ya faɗi abin da makaranta ta ɗaukar wa kanta, ko inda uba zai kai kuka.

Duk da haka ba zan ce komai na nan abin koyi ba ne. Tarar nan ba ta san mai hali da marar hali ba. Mai kuɗi ya mayar da ita wani ɓangare na kuɗin tafiya, ya biya ya wuce, talaka kuwa ta karya shi. A shekarar karatu ta 2023 zuwa 2024 an rubuta takardun tara fiye da 480,000 a Ingila, mafi yawansu a kan tafiya hutu, wanda ya nuna tsoron nata bai kai yadda ake zato ba. Ga mu baƙi kuma abin ya fi ciwo. Idan kakar yaro ta kwanta ciwo a wata nahiya, kana iya cike takarda kana bayyana wa wanda bai taɓa nisa da danginsa ba dalilin da ya sa mako guda ba zai isa ba. Sannan yawan takarda yana sanyaya zumunci. Komai sai an rubuta, komai sai an sa hannu, har wanda zai ɗauki yaro idan an tashi sai sunansa na cikin jeri, ko da ƙanin uba ne. Na fahimci dalilin, tsaron yara ne, amma wani lokaci sai ka ji kamar kai da makaranta kuna shirin haɗuwa a kotu.

Girman malami ma ya yi ƙasa a nan. Na ga uwa tana ɗaga wa malama murya a bakin ƙofa a gaban 'yarta, abin da a gida ko maƙwabta ba za su bari ya wuce ba. Wannan girmamawa da muke yi wa malami dukiya ce, kuma ba na fatan mu sayar da ita don mu sayi tsarin wasu. Matsalar ita ce mun mayar da ita hanyar sauke nauyi. "Malam, ga amana nan" magana ce mai kyau, amma sau da yawa ma'anarta ita ce kada a sake nemana.

Ga 'yan'uwa sababbin zuwa, akwai abu ɗaya da ya kamata su sani tun wuri. Malamai a nan wajibi ne a kansu su kai rahoto idan suka ga tabo a jikin yaro ko ya faɗi abin da ya tayar musu da hankali. A Sikotilan tun 2020, a Wales kuma tun 2022, an haramta wa iyaye dukan 'ya'yansu kwata-kwata. A Ingila da sauran 'yar kafa a doka, amma duk dukan da ya bar shaida a jiki ya fita daga cikinta.

To me za a iya ɗauka? Tara ba ta cikin lissafina. Ba za ka ci uba tara don ɗansa bai je ajin da babu malami ba. Sai makaranta ta fara sauke nata, sannan ta nemi uba, yaro kuma shi ne na ƙarshe da za a tuhuma. Amma akwai abin da ba ya buƙatar kasafin kuɗi ko izinin SUBEB, hukumar ilimin bai-ɗaya ta jiha. Hedimasta zai iya rubuta shafi ɗaya da Hausa, boko da ajami, mai gida uku: abin da makaranta ta yi alkawari, abin da ake nema daga iyaye, abin da ake nema daga yaro. A karanta shi da baki a taron PTA na farkon zango saboda waɗanda ba sa karatu. A sa a ciki cewa ba za a doki yaro ko a kore shi a kan makara, kuɗi ko rashin littafi ba, za a aika a kira wanda ke riƙe da shi. Idan ya ƙi zuwa, ga kwamitin al'umma mai kula da makaranta (SBMC), wanda dama akwai mai unguwa da wakilan iyaye mata a cikinsa, su taka har gida su ji dalili. Wani lokaci za a tarar uban sakaci ne, wani lokaci kuma za a tarar yarinyar sai ta yi ɗiban ruwa ta kai ƙannenta wani wuri kafin ta kamo hanya, kuma shekara biyu ke nan ana zane ta a bakin ƙofa ba wanda ya taɓa tambaya.