Ledar ruwa a gaban iccen Tenere

Da aka ba da hutun damina, na kwashi ɗiyan ƙanwata zuwa gidan tarihi na Boubou Hama, nan Yamai. So nake su ga iccen Tenere, wanda ya tsaya shi kaɗai cikin hamada har wata babbar mota ta banke shi a 1973. Muna tsaye, wani dattijo mai furfura ya shanye ruwan leda ya yar nan gabanmu. Haba! Na ce, "Baba, ga kwandon shara can." Ko kallona bai yi ba.

Wajen namun daji kuwa, samari ke jifar birai da tsakuwa don su motsa a ɗauki hoto. Wallahi raina ya ɓaci, ga yaran nan suna kallon komai.