Tsohon gem a shagon gwanjon Amurka: araha akwai, gwaji babu

Duk wanda ya saba sayen kayan lantarki na hannu a Sabon Gari ta Kano ko Alaba ta Legas ya san yadda ake yi: mai kaya ya jona maka wuta, ka ga hoto da idonka, ku yi ciniki, in wani abu ya samu matsala ga mai gyara a rumfa ta gaba. A shagunan gwanjo na nan Amurka, irin su Goodwill da Salvation Army, farashi yana liƙe a jikin kaya, ba a tayi, kuma yawanci in ka fita da shi ba a karɓa. A ganina nan ya fi gida samun kaya na asali, domin faifan PlayStation 2 da suka cika gidajen gem ɗinmu yawanci kwafi ne. Sai dai a nan kai ne mai saye, kai ne mai gwaji, kai ne mai gyara.

Arahar ma ta ragu. Goodwill na ware masu daraja ta kai su shafinta na gwanjo a intanet, kowa kuma na duba farashi a PriceCharting, shafin da ke nuna kuɗin da ake sayar da tsofaffin gem. Abin da ke tsallakewa ya fi yawa a kwandon wayoyi da cikin faifan fim, don haka a buɗe kowane kwali, sau da yawa faifan ciki daban ne.

Kaset ɗin gem ya fi faifai jure wahala. NES, na'urar gem ta Nintendo da ta shigo Amurka a 1985, in tana ƙyafta jar fitila, galibi datti ne a haƙoran kaset ko mahaɗarta mai fil 72 ta saki. Kada a hura da baki kamar yadda yara ke yi a gida, danshin ne ke kawo tsatsa. A jiƙa tsinken auduga da sifirit na isopropyl mai kashi 90 ko fiye, a goge har baƙin ya daina fita. Buɗe kaset ɗin Super Nintendo ko Nintendo 64 na buƙatar sukundireba ta musamman, gamebit mai milimita 3.8. A cikin waɗanda ke ajiye ci gaba da batir za a ga ƙaramin batir mai kamar kwabo, CR2032, an maƙala shi da dalma. In ya mutu gem ɗin zai tashi amma ba zai riƙe inda aka tsaya ba. Kaset ɗin Pokémon na Game Boy Advance kuwa jabunsa ya yi yawa. Na asali akwai lambobi da aka danna a jikin takardar gaba, da sunan Nintendo a kan allon ciki daf da haƙora.

Faifai a ɗaga shi a fuskanci haske. Ƙarzuwar ƙasa ana iya goge ta da inji, amma in haske na ratsowa ta ƙananan huda a CD, bayanan sun tafi.

Inda na fi jin takaici shi ne mai aika wa ƙannensa na'urar gem gida. Wutar Amurka volt 120 ce, ta Najeriya da Nijar 220 zuwa 230. Babbar PlayStation 2 (PS2) ta Amurka in aka jona ta kai tsaye a Kano, ta ƙone nan take, sai da taransfoma mai rage wuta. Siririyar mai adafta a waje tana ɗaukar 100 zuwa 240, amma a karanta rubutun jikin adaftar tukuna. Sannan tsarin hotonta NTSC ne, na Najeriya PAL, tsohuwar talabijin na iya nuna shi fari da baƙi, kuma faifan Turai da ke kasuwanninmu ba zai tashi a kanta ba sai an yi mata gyara, kamar sa mata cif ɗin da ke cire wannan shingen.